Yadda na sa burauza ta riƙa nuna mani farashin kaya da kuɗin kirifto, da abin da na biya a zahiri

Ina da ɗan shago a babbar kasuwar Katsina, ina sayar da caja, iyafis, fawabank da fitilu masu sola. Shekara da shekaru Kano nake zuwa sari, in shiga kasuwar waya ta Fam Santa da safe, in dawo gida bayan la'asar. A ƙarshen 2023 ne wani abokin sana'a ya haɗa ni da wani Bakano da ke zaune a birnin Guangzhou na ƙasar Chaina, wanda ke saya wa 'yan kasuwa kaya a shafin 1688, ya tattara, ya auna, ya turo. Shafin nan na 'yan gida ne, an yi shi domin mutanen Chaina su saya wa junansu, shi ya sa farashinsa ya fi na AliExpress sauƙi, kuma shi ya sa dole sai da wakili. Katin naira kuwa tun wajen 2022 bankuna suka rage abin da ake iya kashewa da shi a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Don haka da na tambayi wakilin yadda zan biya shi, sai ya ce: "Alhaji, USDT za ka turo, shi ya fi sauri." Ni a lokacin abin da na sani game da USDT bai wuce cewa kuɗin kirifto ne da aka ɗaure darajarsa da dala ba, ɗaya daidai da ɗaya.

Wahalar da na fara cin karo da ita ba ta biya ba ce, ta lissafi ce. Kaya a shafi da kuɗin Chaina, wato yuwan, aka rubuta su. Sai in mayar da su dala, in mayar da dalar USDT, sannan in mayar naira don in san ko akwai riba. Ka duba kaya talatin a dare ɗaya ka ga yadda kalkuleta za ta gaji da kai. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda a lokacin yake cikin waɗannan 'yan baiwa masu danne-dannen waya suna jiran kuɗin kirifto na Pi ya fashe, shi ya ce mani: "Kawu, ai akwai ekstenshan da ake maƙala wa burauza, duk farashin da ke shafi sai ya juya maka shi zuwa Bitcoin ko USDT, ba sai ka taɓa kalkuleta ba." Ya faɗa yana saurin fita, ban tsaya na tambaye shi dalla-dalla ba. Wannan gaggawar ce ta ci mani kwana biyu.

Daren nan na buɗe Chrome, wato burauzar da nake shiga intanet da ita a wayata, na shiga lalube. Na shiga saituna, na fita, na sake shiga, ban ga inda ake maƙala komai ba. Na je rumbun manhajojin waya na rubuta sunan abin, aka jero mani manhajojin canjin kuɗi birjik, na sauke biyu, dukansu kalkuleta ce kawai da aka yi wa kwalliya, sai ka kwafo farashi da hannunka ka zuba. Washegari, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, na tafi wurin wani mai gyaran waya a wajen Ƙofar Ƙaura. Na yi zaman kusan awa ɗaya a benci kafin layi ya zo kaina. Ya juya wayar, ya goge wasu abubuwa, ya sabunta Chrome ɗin, ya ce in je in gwada, ya karɓi naira 500. Na dawo shago, babu abin da ya canza. Sai da yaron nan ya zo gida ranar Juma'a ya yi mani dariya, ya ce Chrome na wayar Android sam ba ya karɓar ekstenshan, ko wa zai gyara. Na kwamfuta ne ke karɓa. A waya kuwa sai dai mutum ya sauke Firefox, wanda a Disamban 2023 ya buɗe ƙofa ga ekstenshan masu yawa a Android, masu iPhone kuma Safari ɗinsu na karɓa. Duk wanda zai bi wannan hanya ya fara da sanin wannan, ya huta da zaman benci.

Muka zauna a zaure da kwamfutarsa bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, muna aiki da sauran cajin da ke ciki da datar wayata. Ya buɗe Chrome Web Store, wato rumbun ekstenshan na Chrome, ya rubuta abin da muke nema da Turanci. Suka fito da yawa, hotunansu kusan iri ɗaya, tsabar kuɗi mai ruwan lemo. Ni na nuna na farko, don ya fi kyan hoto kuma taurarinsa biyar cif. Muka danna a ƙara shi, wani ɗan akwati ya fito yana cewa wannan abu zai iya karantawa da canza duk bayananka a dukkan shafukan da ka shiga. Na ce a tsaya, me ke nan? Ya ce haka suke duka, ai dole ya karanta shafi kafin ya ga farashi, dole kuma ya iya canza rubutu kafin ya sa sabon adadi. Maganarsa gaskiya ce, amma rabin gaskiya, kuma sai daga baya na fahimci sauran rabin. Muka amince. Yana gama sauka sai ya buɗe wani shafi da kansa, wai don ya nuna mani farashi daidai da abin da ke cikin asusuna, in haɗa walat ɗina, wato asusun da ake ajiye kuɗin kirifto, in rubuta kalmomi goma sha biyun nan na sirri. Ni kuwa takardar da na rubuta su tana cikin aljihun rigata, don a satin ne aka buɗe mani walat ɗin. Wallahi har na sa hannu a aljihu. Yaron ya riƙe mani hannu ya ce: "Kawu, kar ka kuskura. Duk wanda ya samu kalmomin nan shi ne mai kuɗin, ba kai ba." Ya ce abin da aikinsa juya lamba ne kawai ba shi da wata hulɗa da walat. Muka koma muka duba shafinsa da kyau: masu amfani da shi ba su kai ɗari biyu ba, sharhin yabon duk a rana ɗaya aka rubuta su, da jimloli masu kama da juna. Muka cire shi nan take. Walat ɗin babu ko sisi a lokacin, amma da sun samu kalmomin, duk abin da na zuba a ciki daga baya nasu ne. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na biyun mun ɗauki lokaci kafin mu zaɓa. Muka duba yawan masu amfani da shi, ranar da aka yi mashi gyara na ƙarshe, ko mai shi ya bayyana kansa, sannan muka karanta sharhin masu zagi kafin na masu yabo, don a nan ake jin gaskiya. Wanda muka tsaya a kai bai nemi rajista ba, bai nemi imel ba, bai ambaci walat ba, kuma kyauta ne. A bayaninsa ya ce daga CoinGecko, wani shafi mai tattara farashin kirifto, yake ɗauko farashin kuɗaɗen. Ya tambaye mu kuɗin da muke so a nuna, muka zaɓi USDT. Yaron ya ƙara Bitcoin don sha'awarsa, ya sa a riƙa nuna shi da satoshi, wato ɓarin da ake samu in an raba Bitcoin ɗaya gida miliyan ɗari, tunda in ba haka ba sai ka ga farashin caja ya zama sifili, ɗigo, sifili, sifili, sifili, har ido ya gaji. Muka buɗe wani shafin Amurka don gwaji, kusa da kowace alamar dala sai ga ƙaramin rubutu ya fito da adadin USDT da na satoshi. Abin ya burge ni ƙwarai, na ji kamar an sa mani tabarau.

Sai muka shiga 1688. Fitilar da nake so, mai faranti ɗan ƙarami da wurin cajin waya, an rubuta mata 38 da alamar nan mai kama da Y da aka ja wa layi biyu. Ekstenshan ya nuna 0.26 USDT. Na sake dubawa. Fitila guda, ƙasa da naira ɗari huɗu? Na lissafa guda 200, ya kama wajen dala 52. Zuciyata ta fara gini, har na fara tunanin shagon da ke kusa da nawa da aka ce za a saki. Yaron ma ya ce lallai shi ya sa masu zuwa Chaina ke kuɗancewa. Na kwana da wannan lissafi, da asuba na tura wa wakilin saƙon murya cike da fara'a, na ce ya ɗaukar mani ɗari biyu, zan turo dala sittin har da na shayi. Amsarsa ta zo da dariyar da yake ƙoƙarin dannewa: "Alhaji, Allah ya ja da rai, dala sittin ko dozin ɗaya ba za ta saya ba. Guda ɗari biyu yuwan 7,600 ne, ya haura dala dubu ɗaya." Kunya ta rufe ni.

Abin da ya faru shi ne, kuɗin Chaina da kuɗin Japan alama ɗaya suke amfani da ita. Ekstenshan ba ya sanin ƙasar da shafi yake, alamar kawai yake gani, kuma wanda ya rubuta shi ya saita cewa duk inda aka ga alamar nan to yen ɗin Japan ne. A lokacin dala ɗaya tana wajen yuwan bakwai da 'yan kai, amma tana wajen yen 147. Ka ga ya rage mani farashi kusan ninki ashirin. A cikin saitunansa, can ƙasa, akwai wurin da ake faɗa mashi abin da alamar take nufi. Muna canzawa fitilar ta koma 5.3 USDT. Daga ranar na koyi gwada shi da abin da na riga na san kuɗinsa kafin in yarda da shi a kowane sabon shafi. Kuma ba nan kaɗai yake tuntuɓe ba. Yaron ya taɓa duba kwamfuta a wani shafin Jamus, su kuma ɗigo suke sawa inda muke sa waƙafi, sai abin ya karanta yuro dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu a matsayin yuro ɗaya da 'yan canji. A shafukan gida, in an sa alamar naira ta gaskiya yana ganewa, amma mutanenmu da ke rubuta N kawai, ko su sa alamar tsani (#), ko su rubuta 15k, duk ba ya ganinsu. Farashin da aka rubuta a jikin hoto ma ba ya gani. A cikin WhatsApp ko manhajar AliExpress ta waya kuwa ba ya aiki ko kaɗan, don iyakarsa cikin burauza.

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko haɗari, don shi ba ya ba da dariya, kama da gaskiya yake yi. Na sa a ƙara mani naira a jerin abin da ake nunawa, sai fitilar ta fito a wajen naira 4,800. Adadi ne da hankali zai ɗauka. Na fara lissafin in sayar dubu bakwai. Amma da na raba sai na ga dala ɗaya yake lissafawa a wajen naira 900, alhali a ranar duk wanda ya je wurin 'yan canji a Katsina ko Wapa a Kano ya san ta haura 1,300. Farashin hukuma yake ɗaukowa. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023 ake cewa farashi ya zama ɗaya, amma a farkon Janairun 2024 tazarar da ke tsakanin na hukuma da na bayan fage ta sake buɗewa sosai, kuma ni ɗan kasuwar fitila babu bankin da zai ba ni dala a 900. Wannan ekstenshan bai da wurin da za ka rubuta naka farashin da hannu, don haka na cire nairar gaba ɗaya, na bar USDT kaɗai, ina ninkawa da kaina da farashin da na ji a ranar. Ka ga kalkuletar da na gudu ta dawo, sai dai aikinta ya ragu daga hawa uku zuwa ɗaya.

Da yake kwamfutar ba tawa ba ce, ranar Lahadi kafin ya koma makaranta ya sauke mani Firefox a waya, muka nemo makamancinsa a rumbun Mozilla, masu Firefox ɗin, don ba kowane ekstenshan na Chrome ke da ɗan'uwa a can ba. Muka yi mashi irin binciken da muka yi wa wancan, muka gyara maganar yuwan tun kafin ya kunyata ni. A waya yana da nauyi, shafin 1688 cike yake da hotuna, wani lokaci sai ka gangara ƙasa ka dawo kafin adadin ya fito. Kuma ba kowane daƙiƙa yake sabunta farashi ba, yakan riƙe na ɗazu na wani lokaci. Ga USDT wannan ba komai ba ne tunda ba ya motsi sosai. Ga Bitcoin kuwa abin da ka gani da hantsi ba lallai ya kai azahar ba.

Yanzu sai maganar sayen USDT ɗin kansa, wanda ekstenshan ba ya taɓuka komai a kai. Na buɗe asusu a ɗaya daga manyan kasuwannin kirifto, aka nemi katin shaidar ɗan ƙasa da hoton fuska ina juya kai hagu da dama. Sau biyu ana mayar mani da shi saboda duhun shago, sai da na fita tsakar rana na ɗauka, aka amince bayan kwana ɗaya. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto tun Fabrairun 2021, ya sassauta a Disamban 2023, amma a lokacin har yanzu kowa ta hanyar mutum da mutum yake saye: ka zaɓi mai sayarwa, kasuwar ta riƙe USDT ɗinsa a tsakiya, ka tura mashi naira ta banki, ya tabbatar, a sakar maka. Kafin nan wakilin ya turo mani lissafi na gaskiya, kuma a nan na ga sauran abin da tabarau na bai nuna mani ba. Farashin 38 na wanda zai ɗauki ɗaruruwa ne. Ni da jarina ya tsaya a guda 60, kowace 41 ce, ya kama 2,460. Ga kuɗin mota daga masana'anta zuwa sito, yuwan 60. Jimla 2,520. Shi kuma wakili yana karɓar USDT ɗaya a yuwan bakwai cif, ɗan abin da ke sama nasa ne, kuma ban ga laifinsa ba, ai ba don Allah yake zaune a can ba. Ya kama USDT 360, alhali lissafin burauza 319 ya ba ni.

A satin ƙarshe na Janairu na saya a kan naira 1,430. Na ɗauki 362 saboda kuɗin turawa, na biya naira 517,660. Na tura kuɗin, banki ya cire, mai sayarwa ya yi shiru. Minti goma, minti ashirin, ina kallon agogon da ke ƙirgawa a shafin, tafin hannuna na gumi duk da sanyin da ake yi. Mai shayin layinmu ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Sai bayan minti arba'in ya rubuto cewa alat bai shigo mashi da wuri ba, ya saki. Shawarar da aka ba ni kuma na bi: kada ka soke ciniki bayan ka tura kuɗi, kada ka yarda a ja ka zuwa WhatsApp, ka tura daga asusun da ke ɗauke da sunanka, ka ajiye rasit.

Wurin turawa wakili ya ce ta layin TRC20, ya turo adireshi mai tsawo da ya fara da harafin T. USDT yana tafiya a kan layuka daban-daban, in ka zaɓi wanda ba shi mai karɓa ya ba ka ba, kuɗin na iya salwanta, kuma babu manajan da za ka je ka yi wa kuka. A nan ne na kira yaron, shi kuma ya faɗa mani sauran rabin gaskiyar nan. Ya ce izinin da muka ba ekstenshan na karantawa da canza abin da ke shafi, shi ne dai izinin da mugun ekstenshan ke amfani da shi ya musanya adireshin walat da na ɓarawo a lokacin da kake liƙawa, ko ya kwashe kalmar sirrin da ka rubuta. Kuma wanda yake nagari yau ana iya sayar da shi ga wani gobe, ya sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Na ce to me ya sa ba ka faɗa tun farko ba? Ya ce: "Kawu, ai ka ce sauri kake." Don haka ban yi turawar a burauzar da ke da ekstenshan ba, a manhajar kasuwar na yi. Na fara tura 10, na karanta haruffan farko da na ƙarshe na adireshin da baki kamar mai tilawa, wakili ya ce sun shigo cikin 'yan mintuna, sannan na tura 350. Kowace turawa an cire USDT ɗaya. Daga baya da ya dawo hutu ya nuna mani a kwamfuta cewa Chrome na barin ka taƙaita ekstenshan: ko ya yi aiki a dukkan shafuka, ko a waɗanda ka lissafa kawai, ko sai ka danna shi. Muka mayar da nasa kan sai an danna. A wayata kuwa Firefox ɗin na duba kaya ne kawai, ban taɓa buɗe banki ko imel a cikinsa ba.

Na ɗauka an gama, ashe saura. Kayan sun isa sito a farkon Fabrairu, daidai lokacin da Chaina ke shirin bikin sabuwar shekararsu, wadda ta faɗo 10 ga Fabrairu a 2024. Masana'antu da masu jigila suka rufe, kowa ya tafi garinsu. Fitiluna suka kwanta fiye da sati biyu. A wannan zaman jiran ne naira ta yi faɗuwar da ba zan manta ba. Kullum da safe sai ka ji sabon farashi, masu kaya a kasuwa wasu suka daina sayarwa don ba su san da nawa za su mayar ba. Da aka buɗe, wakili ya auna, kilo 21, kuma saboda akwai batir a ciki ta layin jirgi na musamman za su bi, dala 9 kowane kilo, dala 189. Ranar da zan biya USDT ya kai wajen 1,800. A kwanakin ne kuma gwamnati ta taso wa Binance, wata babbar kasuwar kirifto, aka toshe shafinta a layukan waya, aka tsare jami'anta biyu a Abuja, a farkon Maris ta daina hulɗa da naira gaba ɗaya. Kowa ya tsorata, masu sayarwa suka yi ƙaranci. Na ƙare da sayen 190 hannu da hannu wurin wani ɗan canji da na sani tun muna yara, wanda yanzu rabin cinikinsa a waya yake, na biya naira 342,000 ina zaune a gabansa har suka shigo.

Kayan sun sauka Kano, aka sa mani su a motar Katsina da naira 7,000, na karɓa a tasha ana saura kwana biyu a ɗauki azumi. Da na tara komai ya kama kusan naira 867,000, wato kowace fitila ta tsaya mani a wajen 14,400. Adadin da burauza ta fara nuna mani da naira 4,800 ne. Da na yi wa wani alkawarin sari a kan wancan lissafi, da na yi cinikin biri a sama.

Wani abu da na lura da shi a tsakanin, wanda har yanzu nake juyawa a raina: shafin fitilar yana nan a buɗe a wayata duk tsawon watannin, farashinta bai motsa daga yuwan 38 ba. A USDT ma tana nan a 5.3. A satoshi, a Janairu da Bitcoin ke wajen dala 42,000 tana nuna kusan 12,600, a tsakiyar Maris da ya haura dala 70,000 ta sauko wajen 7,300. A naira kuwa hawa take ta yi. Fitila ɗaya, mudu huɗu, kowane da abin da yake faɗa. Yaron ya ce wannan hujja ce cewa in mayar da jarina Bitcoin. Na ce mashi ni fitila nake sayarwa, wanda zai saya naira zai ba ni, wakili kuma USDT yake karɓa, babu inda satoshi ya shigo cikin cinikina sai dai ya sa ni jin cewa kaya na araha alhali aljihuna na cewa akasin haka. Kuma abin da ya hau haka yana iya sauka haka. Ko USDT ɗin ma, waɗanda suka saya a 1,800 suka ɓoye sun ji a jikinsu da naira ta farfaɗo zuwa ƙasa da 1,200 a watan Afrilu. Na kashe satoshin, na bar USDT.

Ga wanda zai gwada, abin da ekstenshan ya yi mani na alheri ɗaya ne kuma ba ƙarami ba: in ina kwatanta masu sayarwa goma a shafuka daban-daban, wani da yuwan, wani da dala, nan take nake ganin wanda ya fi sauƙi, don duk an auna su da mudu ɗaya. Ko mudun bai cika ba, tunda shi ne aka auna kowa da shi, kwatancen na tsayawa. Amma bai san yawan da za ka ɗauka ba, bai san ladan wakili ba, bai san nauyin kwali ba, bai san nawa dala za ta kai ranar da kayanka za su tashi ba. Ka fara gwada shi da abin da ka san kuɗinsa. Ka duba wane kuɗi ya ɗauki kowace alama, ka raba ka ga da wane farashin naira yake aiki. Duk wanda ya nemi kalmomin walat ɗinka, cire shi kafin ka gama karanta saƙon. Ka raba wurin duba kaya da wurin taɓa kuɗi. Kuma in ka daina amfani da shi ka cire, kada ka bar shi yana zaune yana kallon shafukanka. Ta fuskar doka abubuwa sun ɗan canza tun lokacin, a Agustan 2024 hukumar kula da hannayen jari ta ba kasuwannin kirifto biyu, Busha da Quidax, amincewar farko, don haka mai farawa yanzu yana da inda zai duba a cikin gida kafin ya faɗa hannun wanda bai sani ba.

Fitilun sun ƙare kafin sallah, zafi ya shigo, wuta ba ta zama, mutane na neman abin da za su yi sahur da shi. Na sayar a 17,500, waɗanda suka ɗauki biyar na rage masu ɗari biyar biyar, biyu kuma suka zo da faranti a fashe. A oda ta biyu na biya kuɗin kaya da na jirgi a rana ɗaya, na bar wa wakili ragowar a hannunsa, kuma na duba kalandar Chaina kafin in tura. Yanzu a bangon littafin shago akwai layi biyar da na rubuta da jan biro: kuɗin kaya, motar sito, canjin wakili, kilo, motar Kano. In burauza ta nuna mani adadi, sai in kira ɗan canjin nan in ji nawa ta kwana, in cike layukan, sannan in tura wa Guangzhou saƙo.